Ganyen da ya zube kafin lokacinsa: bishiyar fagus da farin 2018 a Suwizalan da Jamus

A ƙarshen Yulin 2018, mutanen arewacin Suwizalan suka fara ganin abin da idonsu bai saba da shi ba. Dajin da ya lulluɓe tuddai tun daga wajen Basel har Schaffhausen ya soma sauya launi, kore na komawa ruwan ƙasa, ganye na karkaɗowa kamar an shiga Oktoba. Alhali saura wata biyu cur lokacin zubar ganye ya yi. Haka aka gani a wurare da dama na Jamus da gabashin Faransa.

Bishiyar da abin ya fi bayyana a jikinta ita ce wadda masana ke kira Fagus sylvatica, Jamusawa kuma su ce mata Buche. A nan zan riƙa ce mata fagus. Doguwa ce mai santsin ɓawo ruwan toka, takan kai mita 30 zuwa 40, inuwarta kuma duhu gare ta, har ba kowane tsiro ke iya rayuwa a gindinta ba. Cikin itatuwa masu faffaɗan ganye babu wadda ta kai ta yawa a dazukan Jamus da Suwizalan, kuma da ɗan Adam bai taɓa ɗaga gatari a Turai ta Tsakiya ba, da ita ce ta cinye mafi yawan ƙasar. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna yi mata kallon 'yar gida, wadda za a jingina da ita idan sauran itatuwa suka gaza. Shi ya sa ganin ta a wannan hali ya tayar musu da hankali ƙwarai.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai iya cewa to mene ne a ciki? Kuka kan tuɓe ganyenta kaf idan rani ya shigo, ta tsaya haka wata da watanni, damina na matsowa ta sake toho. Gawo ma yakan juya lissafin, ya zubar da nasa da damina. Sai dai waɗannan ɗabi'arsu ce, jikinsu ya san da zuwanta, kuma kafin ganye ya bar reshe bishiya ta riga ta janye abin amfanin da ke cikinsa ta ajiye. Tambayar da ta raba kan masana a 2018 ita ce: fagus irin wannan dabarar ta yi don ta rage asarar ruwa, ko kuwa ganyen mutuwa ya yi a kan reshe don abin ya fi ƙarfinsa? Ba a iya amsa ta sai an san yadda ganye ke riƙe ruwa, da kuma cewa ƙarfin riƙon nasa yana da lokaci.

Yadda ganye ke riƙe ruwa

Ruwa da ja yake hawa bishiya. A bayan kowane ganye akwai dubban 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ganye na buɗe su don ya shaƙi iskar da yake haɗa abinci da ita, yana buɗewa kuwa ruwa ke sulalewa ya bi iska. Wannan asarar ce ke jan ruwa daga reshe, reshe ya ja daga gangar bishiya, ita kuma daga saiwa, saiwa daga ƙasa, duk ta cikin wasu siraran jijiyoyi da ke cikin itacen, kamar mai zuƙar lemo da bututu. Wasu masana biyu a Dublin, Dixon da Joly, su suka bayyana haka tun 1894. Gwargwadon bushewar ƙasa da zafin iska, gwargwadon ƙarfin da zuƙar ke buƙata. Ana auna ta da ma'aunin matsi da ake kira megafaskal, ana kuma sa mata alamar ragi don ja ne, ba turi ba. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota wajen 0.2 ce. Ganyen fagus da tsakar ranar zafi yakan kai −2, wato ninki goma na wancan.

Shi kuma ganyen, ƙwayoyin halittarsa kamar 'yan salkuna ne cike tam da ruwa, cikar nan ce ke sa shi miƙewa. Abin da ke riƙe ruwan a cikinsu shi ne sukari da gishiri-gishirin da suka narke a ciki, su ke janyo laima yadda gishirin ɗaki ke jiƙewa da damina. Idan jan da ake yi daga waje ya rinjayi wannan riƙon, salkunan sai su saki, ganye ya yi yaushi. Wannan wurin zan kira gaɓar yaushi. A fagus takan faɗa wajen −2 zuwa −2.5 ko ɗan fiye. Kafin a kai nan ganye ya rufe ƙofofinsa, abinci ya tsaya. Idan kuwa jan ya ci gaba, sai zaren ruwan da ke cikin jijiyoyi ya tsinke, kumfar iska ta shiga ta toshe su. A reshen fagus, idan aka kai wajen −3, rabin jijiyoyin sun tashi daga aiki. Tsakanin yaushi da tsinkewa ke nan tazarar ba ta da yawa, kuma a cikin wannan ɗan tsukin duk labarin 2018 ya faru.

Auna gaɓar yaushi a da aiki ne mai cin rai. Tun 1965 da Per Scholander ya fito da tukunyar matsi, sai a sa ganye a ciki, a bar tsinkensa a waje, a yi ta ƙara iska har ruwa ya tsatso a bakin tsinken, a fito da shi a auna nauyinsa, a bar shi ya ɗan bushe, a sake. Mutum sai ya wuni a kan 'yan ganyayyaki. A 2012 Megan Bartlett da abokan aikinta a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka nuna cewa ana iya yanko ɗan ƙaramin ɓallin ganye, a daskarar da shi, a auna kaurin ruwansa da na'ura cikin mintoci, a lissafo gaɓar yaushi daga nan. Da awo ya yi sauƙi, sai komawa kan bishiya ɗaya sau da yawa a shekara ya daina zama wahala.

Ganyen Mayu da ganyen Agusta

Fagus na fitar da ganye a ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, kuma babbar bishiya kusan duk ganyenta na shekara a tashi ɗaya take fitar da shi. Sabon ganyen nan laushi gare shi kamar tsumman alharini, gefensa da 'yan gashi. Ruwan cikinsa tsararo ne, don bai fara haɗa isasshen sukari ba, da ajiyar bara da uwar ke turo masa yake rayuwa. Bangon ƙwayoyinsa bai yi ƙwari ba, kakin da ke lulluɓe fatarsa bai gama kauri ba, ko ya rufe ƙofofi ruwa na yoyo ta jikinsa. Irin wannan ganye ɗan ja kaɗan ke sa shi yaushi. Sa'ar da yake ci ita ce a wannan lokacin ƙasa na cike da ruwan hunturu.

Sati shida zuwa takwas bayan haka ganyen ya zama wani abu dabam. Ya yi duhu, ya yi kauri, kakin ya zauna, sukari da sinadarin fotasiyam sun taru a cikinsa, gaɓar yaushinsa ta yi ƙasa. Wannan girma ne kawai, ko da fari ko babu zai faru. A kan wannan kuma akwai ƙari: idan ƙasa ta fara bushewa a hankali, ganye kan ƙara tara abin da ke kaurara ruwansa da gangan, ya ƙara wa kansa ƙarfin riƙo. Henrik Sjöman na Suwidin, da Andrew Hirons na Ingila, da Nina Bassuk ta jami'ar Cornell a Amurka sun auna itatuwa iri-iri na dangin Acer, sau ɗaya bayan fitar ganye, sau ɗaya a tsakiyar zafi. Aikin da suka buga a 2015 ya nuna ganyen tsakiyar zafi ya fi juriya, kuma girman sauyin ya bambanta daga iri zuwa iri: wani ya matsa sosai, wani ɗan kaɗan.

Ko a bishiya ɗaya ma ganye ba ɗaya ba ne. Na ƙololuwa da ke shan rana ƙarami ne mai kauri, ya fi na ƙasa mai faɗi da ke cikin inuwa juriya. Abin da ya fi burge ni a fagus shi ne wannan rabon tun bara ake yin sa. Ganyen da zai fito a Mayu, tun a lokacin zafin shekarar da ta gabata aka tsara shi a cikin toho, an ƙidaya yawansa, an naɗe shi, ya kwana hunturu yana jira. Halin da bishiya ta shiga a Yuli da Agustan bana shi ke yanke irin ganyen da za ta samu baɗi.

To amma nawa ne ganye zai iya matsawa? A 2014 Bartlett da abokanta suka tattara awon da aka yi wa tsirrai kusan iri 300 a sassan duniya, kafin fari da bayansa. Matsakaicin sauyin bai cika rabin megafaskal ba. Ba abin rainawa ba ne, don a shekarar da farin bai tsananta ba shi ke ba ganye damar ci gaba da aiki kwanaki ko makonni. Amma iyakarsa ke nan, kuma bishiyar da ta fara da rauni ba ta kamo wadda ta fara da ƙarfi ta wannan hanya.

Yadda shekarar ta tafi

Shekarar 2018 da ruwa ta fara. Janairu ya zo da ruwan sama mai yawa da guguwa, ciki har da Friederike da ta kayar da itatuwa birjik a Jamus ranar 18 ga wata. Ƙasa ta ƙoshi. Sai Afrilu ya zo da ɗumin da ba a taɓa auna irinsa a Jamus ba tun 1881 da aka fara ajiye lissafi, Mayu ma ya bi sahunsa. Itatuwa suka yi toho da wuri, daji ya yi shar, kowa na yaba kyan shekara. Ganyen nan mai yawa da ya fito da wuri shi ya fara shanye ajiyar ruwan ƙasa tun kafin lokaci, ruwan sama kuwa ya ɗauke ƙafa. A Suwizalan, watanni shida daga Afrilu zuwa Satumba sun fi na kowace shekara zafi tun 1864. Bernhard Schuldt da tawagar masana da suka yi bitar farin sun lissafa cewa daga Afrilu zuwa Oktoba, zafin Jamus da Ostiriya da Suwizalan ya haura matsakaicin da aka saba da digiri 3.3, ya kuma ɗara na 2003, shekarar da ake ba da labarin zafinta, da digiri 1.2. A Oktoba ma'aunin kogin Rhine a garin Kaub ya sauka zuwa santimita 25, jiragen dakon kaya suka koma ɗaukar ɗan abin da ba zai sa su taɓa ƙasa ba.

A lura da lokacin da ganyen ya gaza. Ba a Mayu ba ne, sa'ad da yake ɗanye. Ya kai Yuli da Agusta, ya gama ƙosawa, ya tara duk sukarin da zai iya tarawa, yana kan ganiyar ƙarfinsa, sannan ya faɗi. Ɗan rabin megafaskal ɗin nan an cinye shi tun da wuri, ƙasa kuma ta ci gaba da bushewa. Ga wata matsala a kai: ganyen da ya rufe ƙofofinsa ya daina gumi, wanda ya daina gumi kuwa zafi yake yi fiye da iskar da ke kewaye da shi, kakin fatarsa kuma idan ya yi zafi sosai yoyonsa ƙaruwa yake. Sai ya zama ƙofa a rufe, ruwa na fita ta bango. A wurare da yawa fagus ta ɓarar da 'ya'yanta tun ba su nuna ba.

Inda abin ya fi muni shi ne gangaren da ke fuskantar kudu, da bakin daji, da wuraren da ƙasa ba ta da zurfi, 'yar shimfiɗa ce kan dutsen farar ƙasa irin na tsaunukan Jura da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa. A kwari mai zurfin ƙasa, sau da yawa tafiyar 'yan mintoci daga can, fagus na nan kore.

Abin da aka gani daga sama

A Hölstein, wani ƙauye a yankin Basel, jami'ar Basel ta kafa injin ƙugiya mai tsawon mita 50 a tsakiyar daji, irin na masu ginin bene, yana ɗaga masu bincike a cikin keji har kan ƙololuwar itatuwa. A 2018 ɗin aka kafa shi, da nufin a yi shekaru ana gwada fari na ƙirƙira. Farin gaske ya riga su. Ansgar Kahmen da Matthias Arend da mutanensu suka samu kansu suna auna rassan sama mako bayan mako a daidai lokacin da abin ke faruwa, damar da ba kasafai ake samu ba.

Sun ga itatuwan Picea abies, masu ganye kamar allura, suna tafiya daidai-daidai har zuwa wani wuri, sannan jan ruwan ya faɗa ƙasa farat ɗaya, jijiyoyi suka toshe, wasu itatuwan suka mutu cikin ɗan lokaci. Ajiyar abincinsu ta ragu ƙwarai, amma haka ta waɗanda suka tsira ma ta ragu. Ƙishirwa ce ta kashe su. Fagus ba ta mutu haka nan take ba, amma rassanta na sama sun yi asarar jijiyoyi masu yawa. An daɗe ana gardama a kan ko bishiya na iya sake cika jijiyar da iska ta shiga idan ruwa ya dawo. Da aka koma kan rassan a 2019, waɗanda suka toshe suna nan a toshe, kuma reshen da ya fi asarar jijiya shi ya fi ƙarancin ganye. Ga tohon da aka tsara a cikin wahala, ga hanyar ruwa da ta ragu. Ganyen 2019 ya fito ƙanana, jefi-jefi, wasu rassan ma ba su farka ba sam.

Cibiyar binciken daji ta tarayyar Suwizalan, WSL, da ke Birmensdorf, ta bi abin ta wata hanya. Ta sa wa fagus kusan 1,000 lamba a yankuna uku na arewacin ƙasar, wasu da suka zubar da ganye da wuri, wasu da suka kai kaka lafiya, ta riƙa komawa kansu har 2021. Da zubar da ganyen dabara ce mai ceto, da waɗanda suka yi ta su za su fi lafiya daga baya. Akasin haka aka samu. Su ne kawunansu suka fi bushewa, su ne ɓawonsu ya fi tsattsafo da baƙin ruwa, ƙwari da naman gwari suka fi samun hanya a jikinsu, kuma a cikinsu aka fi mutuwa. Bushewar rassan ma ba ta tsaya a 2018 ba, ƙaruwa ta yi a shekarun da suka biyo. A yankin Ajoie na Suwizalan, kusa da iyakar Faransa, fagus ta bushe da yawan da ya sa gwamnatin yankin Jura ta ayyana bala'in daji a 2019. A gandun Hainich na jihar Thüringen, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2011 saboda fagus ɗinsa, tsofaffin itatuwa suka tsaya da busassun kawuna. Hukumar binciken sararin samaniya ta Jamus, daga hotunan tauraron ɗan Adam, ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2018 da Afrilun 2021 ƙasar ta rasa itatuwa a hekta wajen 501,000, kusan kashi 5 cikin 100 na dajinta, ko da yake mafi yawan wannan masu ganyen allura ne da ƙwaron ɓawo ya ƙarasa.

Akwai wani gwaji da ya kamata a ajiye kusa da wannan, don kada a ɗauka fagus ba ta iya komai. A dajin Kranzberg kusa da Freising, masanan jami'ar fasaha ta Munich sun yi wa manyan itatuwa rumfa a ƙarƙashin rassa, mai rufewa idan ruwan sama ya sauko, suka hana su ruwan lokacin zafi shekara biyar a jere, 2014 zuwa 2018. Fagus ta sha wuya, girmanta ya ragu, amma ta jure. Ganyenta ya saukar da gaɓar yaushinsa, kuma da aka sake ba su ruwa a 2019 ta riga Picea farfaɗowa. Ƙasar Kranzberg mai zurfi ce, mai riƙe ruwa, ƙishin kuma a hankali ya riƙa zuwa, shekara bayan shekara, bishiya na samun sararin gyara ganye da saiwa. Iri ɗaya ne da na Ajoie. Abin da ya bambanta shi ne saurin farin, da zafin da ya rako shi, da zurfin abin da ke ƙarƙashin saiwa.

Wannan ne ya sa nake ɗar-ɗar da jadawalin da ake yawan bugawa, mai jera itatuwa kowace da lamba ɗaya a gabanta, a ce wannan mai jure fari ce, wannan ba ta jurewa. Masu shuka itatuwa a titunan birane da masu sake dasa daji suna buƙatar irin wannan jadawali, ban ga laifinsu ba, bishiyar da za ta shekara 100 ake zaɓa. Amma lambar da ba a faɗi watan da aka auna ta ba, ko daga wane ɓangaren bishiya aka tsinko ganyen, ko yaya shekarar da ta gabace ta ta kasance, rabin magana ce. Awon Mayu zai sa a raina bishiyar da ke ƙarfafa sosai a Yuli. Awon Agusta zai ɓoye raunin wadda fari zai iya riska tana da ɗanyen ganye, ga shi kuwa ɗumamar yanayi na sa toho fitowa da wuri. Kuma ganye kaɗai ba ya ba da labarin duka. A farin 2003, a wani dajin kusa da Basel inda jami'ar ke da ƙugiyarta ta farko, itacen Quercus petraea, wanda Jamusawa ke kira Eiche, ya ci gaba da aikinsa fiye da fagus da ke tsaye kusa da shi, kuma saiwarsa mai nutsawa ƙasa na cikin dalilan da ake bayarwa.

Fagus ɗin da ta tsira hanya ɗaya gare ta ta maido da abin da ta rasa: ta gina sababbin jijiyoyi a zoben itacen da take ƙarawa kowace shekara. A shekarar wahala zoben siriri ne, don ganyen da zai ciyar da ginin ya ragu, saboda haka gyaran kan ɗauki shekaru. A wurare da dama na Jamus 2019 da 2020 ma da ƙarancin ruwa suka zo, 2022 kuma ta dawo da zafi da fari mai tsanani, ta tarar da itatuwan da aka sa wa lamba a 2018 da yawansu ba su gama cike kawunansu ba. A Hölstein an kafa rumfunan da aka yi niyya tun farko, suna tare wajen rabin ruwan sama daga wani sashe na dajin, kuma an tsara gwajin ya ɗauki shekara 20.